Buka Washinton: Bawan da Ya Zama Malamin Malamai

Jama'a, a wannan fitowa ina so in ba ku labarin wani malami baƙar fata na ƙasar Amurka wanda ake kira Buka Washinton. Sunansa ya yi kama da Bukar irin namu na Barno, amma ba abin da ya haɗa su sai kamar lafazi. An haife shi bawa a shekarar 1856, ya rasu a 1915 yana shugaban wata makarantar horon malamai da sana'o'i mai ɗalibai wajen 1,500. Dalilina na zaɓensa guda biyu ne. Na farko dai aikinmu ɗaya da shi, watau malanta. Na biyu kuwa, na lura da wani hali da ke damun da yawa daga cikinmu. Mutum zai sha wuya ya shigo kwaleji, ya yi ta fama har ya sami takardar shaida, amma daga ranar nan sai ya rufe littafi, ya ɗauka tafiya ta ƙare. Shi wannan mutum bai taɓa isa wani matsayi ya ɗauke shi masauki ba. Duk inda ya kai sai ya mai da wurin zango, ya huta kaɗan ya sake ɗaura kaya.

Ƙuruciyarsa

An haife shi a gonar wani farar fata mai suna James Burroughs, cikin jihar Birjiniya. Uwarsa, Jane, ita ce mai dafa abincin gidan. Ubansa wani farar fata ne wanda bai taɓa kula da shi ba. Shi kansa bai san ranar da aka haife shi ba, daga baya ne aka gano 5 ga Afrilu ce. Ɗakin da ya tashi a ciki wata bukkar katako ce marar daɓe, nan ake girki, nan kuma yara ke kwana a ƙasa bisa tsummoki. A shekarar 1861 ubangijinsa ya mutu, da aka zo lissafin gado sai aka rubuta yaron cikin dukiya tare da dabbobi da kayan noma, aka yi masa kuɗi dala 400.

A zamanin nan dokar Birjiniya ta hana a tara bayi a koya musu karatu. Iyakar abin da ya haɗa shi da makaranta shi ne ya ɗauki littattafan 'yar ubangijinsa ya raka ta har bakin ƙofa, ya leƙa ya ga 'ya'yan Turawa zaune suna karatu, sa'an nan ya koma gona. Leƙen nan ya sa masa wata ƙishirwa wadda ba ta sake shi ba har ya mutu.

A 1865 yaƙin basasar Amurka ya ƙare, aka 'yanta bayi, shi kuwa yana da shekara tara. Uwarsa ta kwashe su suka yi tafiyar makonni, yawanci a ƙasa, suka haye duwatsu zuwa wani gari da ake kira Maldan a Birjiniya ta Yamma, inda mijinta yake aiki a ma'aikatar dafa gishiri. To, 'yanci ya samu, amma ciki bai san 'yanci ba. Nan da nan aka sa yaron aikin ɗura gishiri cikin ganguna, wani lokaci tun ƙarfe 4 na asuba. Kowane ma'aikaci yana da lambar da ake rubuta wa gangunansa, ta mijin uwarsa kuwa 18 ce. Kullum yana ganin shugaban aiki yana zana lambar nan, har ya gane ta, har ya iya zana ta da kansa. Farkon karatunsa ke nan. Uwarsa ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma da ta ga inda zuciyarsa ta karkata sai ta yi dabara ta samo masa wani tsohon littafin koyon haruffa, ya yi ta fama da shi shi kaɗai.

Da aka buɗe makarantar baƙar fata a garin, mijin uwarsa ya ƙi sakinsa, don ana bukatar abin da yake samowa. Sai ya riƙa zuwa wurin malamin da dare bayan an tashi daga aiki. Daga baya aka yarda masa ya shiga ta rana, bisa sharaɗin ya yi aiki tun asuba har ƙarfe 9, in an tashi kuma ya koma bakin aiki. Ranar da ya fara shiga aji ya ji kowane yaro yana faɗin suna biyu, shi kuwa Buka kaɗai ya sani. Da aka zo kansa sai ya laƙaba wa kansa Washinton, sunan kuwa ya zauna.

Karatun nan bai yi nisa ba aka mai da shi ramin haƙar kwal. Can cikin duhun rami ne wata rana ya ji ma'aikata biyu suna hirar wata babbar makaranta ta baƙar fata a wani gari Hamtan, inda talaka zai iya yin aiki ya biya kuɗin abincinsa yana karatu. Bai san inda garin yake ba, bai san nisansa ba, amma tun daga ranar ya ƙulla niyyar zuwa.

Kafin wannan ya sami aikin boyi a gidan mai ma'aikatar, ana biyansa dala 5 a wata. Uwargidan, Viola Ruffner, tsohuwar malama ce, ta kuma yi suna wajen tsanani, yaran da ta ɗauka kafinsa ba wanda ya daɗe. Shi da ya lura da ita sai ya gane ba mugunta ce ke damunta ba. Abin da take so shi ne a share wuri fes, a ajiye kowane abu a mazauninsa, a yi aiki kan lokaci, in an tambaye ka kuma ka faɗi gaskiya. Ya daure ya koyi waɗannan, har ta yarda da shi ta riƙa taimakonsa da karatu. Ku riƙe wannan gida a zuciya, don za ku ga amfaninsa nan gaba kaɗan.

Tafiya Hamtan

A 1872, yana da shekara 16, ya kama hanya. Bisa ga lissafinsa tafiyar ta kusa mil 500. Tsofaffin garin waɗanda suka ƙare ƙarfinsu cikin bauta suka yi masa karo-karo, wani ya ba da ɗan kwabo, wani hankici. Ya shiga jirgin ƙasa da keken doki har guzurinsa ya ƙare, sauran kuwa ya taka da ƙafa, in ya sami mai ɗaukarsa ya hau. A wani masauki cikin duwatsu aka ba sauran matafiya ɗaki aka hana shi saboda launin fatarsa, ya kwana yana zagaye a waje don kada sanyi ya kashe shi. Ya iso birnin Ricman ba ko anini a aljihu. Ya sami wani lungu ƙarƙashin dakalin katakon da masu tafiya ƙasa ke bi a gefen titi, ya shige ya yi matashi da jakarsa, mutane suna wucewa bisa kansa. Da gari ya waye ya hangi wani jirgin ruwa ana sauke baƙin ƙarfe, ya je ya roƙi a ba shi dako. Ya yi kwanaki yana dako da rana yana kwana a lungun nan da dare, don ya tara kuɗin ƙarasa tafiya. Ya isa Hamtan da rabin dala.

Shugabar malamai, Mary Mackie, ta dube shi sama da ƙasa. Ga dauɗar tafiya, ga tufafi sun yage, ba takarda, ba kuɗi. Ba ta karɓe shi ba, ba ta kuma kore shi ba, ta bar shi nan tsaye tana karɓar waɗansu. Can bayan sa'o'i ta umarce shi ya ɗauki tsintsiya ya share wani aji da ke kusa. Ya share ɗakin sau uku. Ya sami tsumma ya goge benci da tebur da katakon bango sau huɗu, ya ja kowane kaya ya share ƙarƙashinsa, ya bi kowane lungu. Da ya gama ta shigo ta fid da hankicinta ta goga a tebur da bango, ba ta sami ƙura ba ko kaɗan. Nan take ta karɓe shi, aka kuma ba shi aikin shara da hura wuta a ɗakunan makaranta, wanda da shi ya biya yawancin kuɗin abincinsa.

Ni a ganina sharar nan ita ce mabuɗin tarihinsa duka. Da wani ne, da sai ya ji haushi, ya ga shi karatu ya zo nema an miƙa masa tsintsiya, ya ɗan kaɗa tsakiyar ɗaki ya fito. Shi kuwa ya gane aikin da ke hannunsa a wannan sa'a shi ne kaɗai ƙofar da ke buɗe gare shi. Mutane da yawa suna da buri, amma burinsu yana can nesa, abin da ke gabansu kuwa sun raina shi. Nasa burin ta cikin abin da ke gabansa yake bi.

Wanda ya kafa makarantar Hamtan a 1868, Janar Armstrong, tsohon soja ne da ya jagoranci rundunar baƙar fata a yaƙin basasa. Ra'ayinsa shi ne a horar da kai da hannu da hali tare, kada a bar ɗaya. Buka ya ɗauke shi tamkar uba. Yakan tashi tun ƙarfe 4 na asuba ya hura wuta, ya yi bitar darasi, da dare kuma sai ya gama shara kafin ya kwanta. A nan ya koyi abubuwan da bai taɓa sani ba, har da wanka kullum da kwana tsakanin zannuwan gado. Wata malama ta riƙa koya masa yadda ake magana gaban jama'a a keɓe. Uwarsa ta rasu a 1874 sa'ad da ya je hutu, ya dawo ya ci gaba, ya gama a 1875.

Ya koma Maldan ya zama malamin makarantar garinsu. Yana koyarwa da rana, da dare kuma ya buɗe aji domin manya masu aikin kwal da gishiri. Ya shirya yara da dama ya tura su Hamtan, ya kuma taimaki wansa John ya je, don shi ma John ya taimake shi a lokacinsa. A nan ne da yawa za su tsaya, ga aiki, ga girma a gari. Shi kuwa a 1878 sai ya ajiye alli ya tafi birnin Washinton ya sake zama ɗalibi wata takwas. A 1879 Janar Armstrong ya kira shi Hamtan ya ba shi ajin dare, na samari da 'yan mata marasa galihu waɗanda ke aiki awa goma da rana su yi karatu awa biyu da dare.

Makaranta ba ɗaki

A 1881 majalisar jihar Alabama ta yarda a kafa makarantar horon malamai baƙar fata a wani ƙaramin gari da ake kira Taskigi. Wanda ya yi ƙoƙarin wannan shi ne Lewis Adams, tsohon bawa ne mai sana'ar ƙira da dukanci. Aka rubuta wa Janar Armstrong ya aiko da farar fata ya riƙe ta. Ya amsa cewa ba shi da farar fatar da ya dace, amma yana da baƙin mutum wanda zai iya. Buka yana da shekara 25 a lokacin.

Da ya isa sai ya tarar ba makaranta. Majalisa ta ware dala 2,000 a shekara, amma domin albashin malamai kaɗai. Ba fili, ba gini, ba benci, ba littafi. Kafin ya buɗe aji sai ya yi wajen wata guda yana yawo ƙauyuka a keken alfadari, yana kwana a gidajen talakawa, yana cin abin da suke ci. Ya ga iyali duka a ɗaki ɗaya. Ya ga an shuka auduga har bakin ƙofa, ba a bar ko taki ɗaya na kayan miya ba, sai a sayo abinci da tsada a kanti. Ya ga an jinginar da amfanin gona tun bai nuna ba. Ya ga makarantun da ba a buɗe su sai wata uku zuwa biyar a shekara, malamansu kuwa da kaɗan suka fi yaran sani. Yawon nan ne ya nuna masa irin malamin da ƙauyukan ke bukata. Ina roƙon kowane ɗayanku da za a tura wani gari ya yi koyi da wannan, ya san garin kafin ya ɗauki alli.

Ran 4 ga Yuli 1881 ya buɗe makaranta da ɗalibai 30 a wata tsohuwar rumfar katako kusa da wani coci. In ana ruwa rufin yana yoyo har sai wani ɗalibi ya riƙe masa laima yana koyarwa. Yawancin ɗaliban tsofaffin malaman ƙauye ne, waɗansu sun girme shi. Abin da suke so shi ne manyan littattafai masu wuyar suna, don a ce sun yi zurfi, suna kuma zaton amfanin ilimi shi ne ya raba mutum da fartanya har abada.

Ba da jimawa ba aka sa wata tsohuwar gona kasuwa, eka 100, a kan dala 500. Ya ranci kuɗin kafin alƙalami daga ma'ajin Hamtan, daga aljihun mutumin, ya saya. Mataimakiyarsa, Olivia Davidson, wadda ya aura daga baya, ta riƙa bin gida gida tana roƙon abinci a dafa a sayar, da haka suka biya bashin. Bargar dawaki da akurkin kaji aka gyara suka zama azuzuwa. Da ya ce a fito a sare daji a yi gona sai ɗalibai suka ɓata rai, don a ganinsu wannan ba aikin malami ba ne. Bai yi musu da su ba. Kullum in an tashi daga aji sai ya saɓi gatari ya shige gaba. Wa zai zauna a inuwa shugaba yana sara? Haka suka share wajen eka 20 suka shuka.

Sai maganar gini. Ya yanke shawara ɗalibai su gina makarantarsu da hannunsu, har tubalin ma su za su ƙona, don ba mai wannan sana'a a garin. Shi kansa bai taɓa yi ba. Suka yi ta kwaɓa laka, tana kai musu gwiwa, suka buga tubali wajen 25,000, suka jera a matoya suka sa wuta. Ya lalace. Suka sake, ya sake lalacewa. Na uku ya kusa nuna, cikin dare matoyar ta rushe. Kuɗi sun ƙare, malamai suka ba da shawara a haƙura. Sai ya ɗauki agogonsa ya tafi birnin Montgomery ya jinginar a kan dala 15, ya dawo aka kunna ta huɗu. Wannan karon tubali ya yi. Agogon dai bai sake komawa hannunsa ba, don kafin ya sami kuɗin fansa wa'adi ya wuce. Amma daga nan Turawan garin da kansu suka fara zuwa sayen tubalin makaranta saboda kyansa, kuma bayan shekara 20 gine-ginenta sun kai wajen 40, in ban da huɗu duk ɗalibai suka gina.

Ku lura, shugaban nan bai tsaya a kan abin da ya koyo a kwaleji ba. An koya masa malanta, bukata ta sa ya koyi ƙona tubali, da lissafin kuɗi, da kiwo, da yadda ake tsayawa gaban attajiri a nemi taimako ba tare da zubar da mutunci ba. Kusan rabin shekara yana kan hanya a jihohin arewa yana neman kuɗin makaranta, cikin jirgin ƙasa kuwa karatu yake yi, ya fi son jaridu da tarihin manyan mutane. In ya dawo sai ya zaga makaranta yana duban ƙananan abubuwa, ko akwai takarda a ƙasa, ko maɓallin wani ya cire, ko kowane ɗalibi yana da buroshin haƙori. Bai kuma ji tsoron ɗaukar wanda ya fi shi sani ba. A 1896 ya kawo George Carver, masanin tsirrai, wanda ya koya wa manoma hutar da ƙasa daga auduga da shuka gyaɗa da dankali. A 1906 suka shirya keken doki ɗauke da kayan noma da iri, yana bin ƙauyuka yana kai wa manomi darasi har bakin gonarsa.

Inda aka yi jayayya da shi

Tarihin da aka cika da yabo kaɗai ba ya koya wa kowa komai, saboda haka dole in faɗi wannan. Ran 18 ga Satumba 1895 ya yi lacca a wani babban baje koli a birnin Atlanta, gaban taron farare da baƙaƙe. Ya shawarci mutanensa su ba da ƙarfi ga noma da sana'a da tara dukiya, su jinkirta neman daidaito a zaman jama'a, ya kuma roƙi Turawa su ba su damar aiki da ilimi. Turawa suka yi ta tafi. Daga ranar nan ya zama baƙin mutumin da ya fi kowa faɗa a ji a Amurka. Jami'ar Harvard ta ba shi digirin girmamawa a 1896. A 1901 littafin tarihin rayuwarsa ya fito, a shekarar kuma Shugaba Roosevelt ya gayyace shi cin abinci a fadarsa, abin da ya tayar da ƙura ƙwarai a jihohin kudu.

Amma al'amarin mutanensa bai gyaru ba. A 1896 kotun ƙoli ta halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a. A 1901 jihar Alabama, inda makarantarsa take, ta yi sabon tsarin mulki wanda ya rage baƙaƙe masu ikon jefa ƙuri'a daga sama da 100,000 zuwa 'yan dubbai kaɗan. A 1903 wani babban masani baƙar fata, Du Bois, ya soke shi a rubuce, yana ganin mutumin da ba shi da ƙuri'a ba shi da abin da zai kare gonar da ya saya da guminsa, kuma al'umma tana bukatar ilimi mai zurfi, ba sana'ar hannu kaɗai ba. Ni dai a wannan batu ina ganin Du Bois ya fi shi gaskiya. Ƙoƙarin mutum ɗaya, komai yawansa, ba ya maye gurbin adalci. Har wa yau an san Buka ya yi amfani da ƙarfin da ya samu ya danne waɗansu masu sukarsa, har da sa hannu a jaridu a ɓoye. Ta ɗaya gefen kuma, sai a tuna yana zaune ne a wurin da taron 'yan iska kan kashe baƙin mutum ba shari'a, kuma wuta ɗaya ta isa ta cinye makarantarsa. Bayan rasuwarsa, da aka buɗe takardunsa, an tarar ashe yana biyan kuɗin lauyoyi a asirce don a ƙalubalanci dokokin nan a kotu.

Ƙarshen aikinsa

Sunan Taskigi ya ƙetare teku ya iso Afirka. A 1901 mutanenta suna ƙasar Togo suna gwajin noman auduga, ko da yake Jamusawan da ke mulkin ƙasar su suka fi cin ribar aikin. A Afirka ta Kudu John Dube ya kafa makarantarsa bisa wannan tsari. A Laberiya kuma an buɗe wata makarantar sana'a a garin Kakata a 1929 aka sa mata sunansa.

Aikin da ya fi burge ni kuwa shi ne na ƙarshe. A 1912 ya shawo kan wani attajiri, Julius Rosenwald, su gina ƙananan makarantu a ƙauyukan baƙar fata. Sharaɗin shi ne attajirin ya ba da wani kashi, hukuma ta ba da nata, mutanen ƙauye kuma su kawo nasu, ko kuɗi, ko fili, ko katako, ko aikin gayya. Da guda shida aka fara a kewayen Taskigi. Kafin 1932 an gina wajen 5,000 a jihohi 15. Yaron da aka hana shi wuce bakin ƙofar aji, shi ne sanadin buɗe wa dubban yara ƙofa.

Bai ga cikar wannan ba. Yawan aiki da hawan jini suka ci ƙarfinsa, ciwo ya kayar da shi a birnin Niyok a watan Nuwamba 1915. Da likitoci suka nuna ba sauran dabara sai ya nemi a mai da shi gida. Aka sa shi a jirgin ƙasa, ya isa Taskigi, bayan 'yan sa'o'i ya cika, ran 14 ga Nuwamba, yana da shekara 59. A cikin makarantar aka binne shi. Ya bar gine-gine sama da 100 da malamai wajen 200. A 1940 aka sa hotonsa a kan sarki na gidan waya, shi ne baƙin mutum na farko da Amurka ta yi wa haka. Makarantar kuwa ta zama jami'a a 1985.

To, 'yan'uwana masu shirin fita aiki, da yawa daga cikinku za a tura ku inda ba ku zata ba. Wani zai tarar da aji ba rufi, wani yara 80 ba benci, wani kuma garin da iyaye suka fi son yaro a gona ko a kasuwa. A ranar nan zuciya za ta raya maka cewa an zalunce ka, ka zauna ka jira canji. Neman haƙƙi ba laifi ba ne, tarihin nan ma ya nuna mana illar barinsa. Amma kafin haƙƙin ya zo, akwai rajistar da za a cika daidai, akwai shirin darasin gobe, akwai yaro ɗaya a bayan aji wanda har yanzu bai rarrabe baƙaƙe ba. Waɗannan su ne taka tsintsiyar, kuma akwai mai hankici yana zuwa, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. In ka gwada wata dabarar koyarwa ta ƙi, ka tuna sai a karo na huɗu tubali ya nuna.

Abu na ƙarshe, kada ka bar takardar shaida ta zama murfin littafinka. Ka sa wa kanka ƙa'ida, ko rabin awa ne kowane dare, ka karanta abin da ba ka sani ba. Ka tambayi manomin garin da maƙerin garin abin da suka fi ka sani. In dama ta samu ta ƙaro ilimi, ka tashi ka tafi, ko da ka fara furfura. Yara suna gane malamin da ya daina koyo tun kafin mai duba makarantu ya gane shi. Allah ya ba mu himma, ya sa mu amfani yaran da za a danƙa mana.